Nisa, takarda da ruwa: abin da tarihin unguwannin gefen Yamai ke koya wa mai neman gida

Kaɗan ne daga cikin shawarwarin da magidanci ke yankewa a rayuwarsa suka kai nauyin zaɓen unguwar da zai kafa gidansa. Ƙaramin ma'aikaci, musamman malamin lakwal, sau ɗaya yake samun wannan dama, galibi bayan ya share shekara 15 ko 20 yana biyan haya, yana zubin adashi, yana jiran banki ya amince masa da bashi. Abin da ya tara ba zai saya masa ko ɗaki guda a Plato ko a Kale ba. Saboda haka dole idonsa ya koma gefen birni, can inda dillalai ke shimfiɗa masa taswira mai layuka a miƙe, suna nuna masa inda za a ci kasuwa, da inda za a gina lakwal, da inda kwalta za ta bi, alhali kuwa in ya taka ya je wurin ba zai tarar da kome ba sai karan hatsi da ƴan duwatsun siminti da aka kakkafa a kusurwoyi.

Abubuwa uku ke sa fili ya yi araha a gefen birni: ko dai ya yi nisa, ko takardarsa ba ta da ƙarfi, ko kuwa yana cikin kwari inda ruwa ke kwanciya. A wurin mai saye dukansu araha ce iri ɗaya, tun da a aljihu yake jin ta. Tarihin Yamai na shekara ɗari ya nuna cewa ba ɗaya suke ba. Nisa aibi ne wanda zamani ke warkarwa. Raunin takarda yakan warke wani lokaci, amma sai bayan dogon zaman ɗar-ɗar. Kwari kuwa yana nan kwarinsa har zamanin jikoki. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda babban birninmu ya yi ta tura gefensa gaba tun daga 1926, domin mai karatu ya ga inda wannan hukunci ya samo tushe.

Birni da waje

Zama a wajen gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kowane birni mai ganuwa yana da wajensa, inda fatake da baƙi ke sauka. A Damagaram, Sarki Tanimun, wanda dogon mulkinsa ya kai daga 1851 zuwa 1884, ya ƙarfafa ganuwar Birni, amma ayarin Abzinawa da attajiran da ke hulɗa da su a Zango suke, arewa da ganuwa. Wanda ya zauna a Zango ya rasa kariyar ganuwa, ya sami sarari da kusanci da ciniki. Da tafiya ta yi tafiya, gidajen Zango masu zanen ado a fuska suka zama abin da baƙi ke zuwa kallo, kuma yau babu wanda zai kira unguwar gefen gari.

Maraɗi ta ba da darasi na dabam. Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sun kafa garinsu a kwarin Gulbi, inda kurmi ke kare su daga dawakin abokan gaba, ga fadama ga ruwa kusa. A zamanin yaƙi wannan zaɓi ne na masu hankali. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye babban ɓangare na garin, har hukumar Nasara ta tayar da mutane ta maida su bisa tudu, aka yanka musu filaye da tituna a miƙe kamar gidajen dara. Maraɗin da muka sani yau ɗiyar wannan ambaliya ce. Abin da ya kamata mai sayen fili ya riƙe shi ne tsawon lokacin: garin ya haura shekara ɗari a kwari kafin ruwan ya zo ya karɓi wurinsa.

Yamai ta zamanin Nasara

Sa'ad da Gwamna Jules Brévié ya ɗauke fadar mulki daga Damagaram ya maida ta Yamai a 1926, ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne ƙarancin ruwan sha a Damagaram, wadda ke zaune bisa dutse, alhali Yamai tana bakin kogin Isa. A lokacin ƴan unguwanni ne a jere a gaɓar hagu ta kogin: Mawre, Kale, Gaweye, da Zongo inda Hausawa ƴan kasuwa ke sauka. Gudel, Yantala, Gamkale da Saga kuwa garuruwa ne masu zaman kansu, kowane da gonakinsa da shugabanninsa na gargajiya. Jama'ar wurin gaba ɗaya ba ta wuce ƴan dubbai ba.

Nasara sun san abin da suke nema. Sun zaɓi tudu mai iska wanda ke kallon kogi, suka gina ofisoshinsu da gidajensu, shi ne Plato. Kwarin Gunti Yena kuwa suka mai da shi iyaka tsakaninsu da unguwannin ƴan ƙasa, da hujjar kiyaye lafiya. A tsakiyar shekarun 1930 gobara ta cinye bukkoki masu yawa a tsofaffin unguwanni, hukuma ta yi amfani da wannan dama ta tura mutane sama, nesa da gaɓa, ta yanka musu filaye, ta kuma matsa a yi gini da ƙasa maimakon kara da ciyawa. Daga wannan zamani ne tsarin da ake bi har yau ya kafu: hukuma ta auna fili, ta yanka shi gida-gida, ta kafa duwatsu, ta ba da takarda. Faransanci ya kira aikin lotissement, kowane yanki kuma parcelle, kalmar da ta shiga bakin jama'a ta zama parsel.

Waɗanda suka fara zaɓe, suna da iko da masu awo a hannu, tudu suka ɗauka. Duk ambaliyar da aka yi ta yi daga baya, ba a taɓa jin kogi ya hau Plato ba.

Unguwannin da yunwa ta haifa

A shekarar samun mulkin kai, 1960, mutanen Yamai kimanin 30,000 ne. Ƙidayar 1977 ta sami sama da 200,000, ta 1988 kusan 400,000, ta 2001 sama da 700,000, ta 2012 kuwa ta haura miliyan ɗaya. Babu ofishin awo da zai iya yanka filaye da wannan sauri. Mafi yawan waɗanda suka zo ba zaɓen unguwa suka yi ba. Fari da yunwa ne suka koro su daga karkara, tun daga yunwar 1931 har zuwa ta 1973 da ta 1984, suka sauka inda suka sami sarari.

Sunayen unguwannin sun adana wannan labari. Bukoki, sunan Hausa ne tsantsa: bukkoki ne baƙi suka kakkafa a bakin gari tun kafin mulkin kai. Yau Bukoki tana manne da kasuwar Katako, a tsakiyar hada-hadar birni. Lazare sansani ne inda aka tara dubban makiyaya, galibi Buzaye na Nijar da na Mali, waɗanda farin 1973 da 1974 ya kashe wa dabbobi. A lokacin daji ne a arewa da gari, wurin da ake kai wanda ake son a nesanta. Yanzu Lazare unguwa ce mai kwalta da shaguna, kuma birnin ya wuce ta da nisa. Wanda ya riƙe fili a ɗaya daga cikin waɗannan wurare biyu, ya yi haƙuri da nisan, ƴaƴansa sun gaji dukiya.

Talaje, a kan hanyar filin jirgin sama, ita ce misalin aibi na biyu. A tsakiyar shekarun 1960 mutanen da suka kasa samun parsel daga hukuma suka fara sayen ƴan filaye kai tsaye daga hannun masu gonaki, ba awo, ba taswira, sai shaidu da amincewar shugabannin gargajiya. A idon doka unguwar ba ta wanzu ba. Shekara da shekaru mazaunanta suna kwana da tsoron rushewa, kuma wannan tsoro ya bayyana a jikin ginin kansa, domin kuwa ba mai zuba siminti a wurin da ake iya tayar da shi gobe. Famfo da wutar lantarki suka yi jinkiri, tun da kamfani ba ya shimfiɗa bututu a lungun da babu shi a taswira. Daga baya hukuma ta haƙura ta amince da zaman unguwar. Takarda ta warke ke nan, sai dai waɗanda suka fara saye da yawa sun tsufa suna sayen ruwa a hannun ƴan garuwa kafin a kai ga haka.

Gada da kuɗin uraniyom

Babu abin da ya nuna yadda nisa ke warkewa kamar tarihin gaɓar dama. Zabarmawa suna kiran ta Harobanda, wato bayan ruwa. Kafin 1970 sai da kwalekwale ko jirgin fito ake zuwa can, kuma Lamorde, Nogare da Kirkisoy ƙauyuka ne na noma da kiwo. A 1970 aka buɗe gadar Kenedi. Cikin ƴan shekaru jami'a, wadda yau ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni, ta kafu a can, cibiyar AGRHYMET ta biyo baya, hanyar Say da ta Burkina suka cika da motoci. Filin da jiya ba mai tayawa ya zama abin rububi. Gada ta biyu, ta abotar Sin da Nijar, ta zo a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce a 2021, kuma kowace ta ɗaga darajar ƙasar da ke bakinta.

Zamanin Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ya zo daidai da hauhawar kuɗin uraniyom, kuma birnin ya sauya fuska. A nan ne tarihi ya ba da wani darasi mai ɗaci: kusanci da tsakiyar gari ba shi ne tabbacin zama ba. Gaweye, ɗaya daga cikin unguwannin da suka kafa Yamai, an tashe ta domin a gina babban otal mai ɗauke da sunanta da fadar taruka, aka maida mutanenta hayin kogi, suka tafi da sunan unguwarsu. A ƙarshen shekarun 1980 aka sake tayar da wasu aka kai su can arewa, wurin da ake kira Kwara Tegi, wato sabon gari da Zabarmanci. Akwai ma unguwar da sunanta kawai Recasement, ma'ana inda aka sake zaunar da waɗanda aka tasa. Gobarar babbar kasuwa a 1982 ta kai ƴan kasuwa Wadata kafin a sake ginin, kuma ciniki ya raya wannan yanki har bayan da kasuwar ta koma wurinta a 1987.

Abin da ke warkar da nisa, ashe, abu ne da ake iya gani da ido: gada, kwalta, kasuwa, babbar makaranta ko asibiti. Inda ɗayansu ya sauka, unguwa takan tashi cikin shekara goma. Inda babu ko ɗaya, ana iya jira shekara talatin. Malamin da ya rage masa shekara goma sha biyar ya yi ritaya dole ya auna wannan jira da sauran shekarun aikinsa, da kuɗin faba-faba ko na man babur da zai riƙa biya kullum safe da yamma, da kuma nisan lakwal ɗin da ƴaƴansa za su taka.

Parsel a madadin albashi

Shekarun 1990 sun kasance na ƙunci. Kuɗin uraniyom sun faɗi, an karya darajar Sefa da rabi a watan Janairu 1994, gwamnatoci suka yi ta sauyawa, ma'aikata suka tara bashin albashi na watanni a kan baitulmali. Malamai ba su manta da waɗannan shekaru na yajin aiki da rufe makarantu ba. A farkon shekarun 2000, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, gwamnati ta fito da wata dabara: a biya wani ɓangare na bashin da filaye. Aka yanka dubban parsel a gefen Yamai da na wasu manyan garuruwa, aka raba wa ma'aikata a madadin kuɗinsu.

Wannan mataki ya sauya tarihin gefen birni ta hanyoyi da dama. Ya tura iyakar gari can cikin gonaki a lokaci ɗaya, tun kafin a yi tunanin ruwa ko wuta ko hanya. Ya kuma koya wa kowa cewa ƙasa kuɗi ce da hukuma ke iya bugawa in aljihunta ya bushe. Ma'aikata da yawa, da bashi ya yi musu katutu, suka sayar da takardunsu nan take ga ƴan kasuwa a kan farashin banza. Waɗanda suka iya riƙewa su ne suka ga amfanin daga baya. Ma'aikatun magajin gari su ma suka gane cewa yankan filaye ya fi karɓar haraji sauƙi. Masu gonakin gado, waɗanda akan biya da wani kaso na filayen da aka yanka a gonarsu, suka ga gara su sayar da kansu tun kafin a zo a auna. Kamfanoni masu zaman kansu suka shigo harkar. Garuruwan da ke kewaye da birnin, irin su Libore, Karma, Hamdallay da Bitinkoji, suka fara ba da takardun filaye a bakin iyakarsu da Yamai, iyakar da ba kullum ake yarda da inda ta bi ba.

Ko dajin da aka dasa domin kare birnin bai tsira ba. Tun 1965 aka fara shuka dogon yaro a kewayen Yamai ta arewa da gabas, ɗamarar itatuwa da aka tsara za ta kai kimanin hekta 2,500, domin ta tare ƙura da iska. Yau an ci babban ɓangarenta da gine-gine, kuma wanda ya sayi fili a cikinta ya sayi rigima, domin ƙasar tana da masu da'awa uku: hukumar gandun daji, jikokin masu gonakin da aka dasa itatuwan a kansu, da wanda ya yanka ya sayar.

Sakamakon duka wannan shi ne yawaitar takardu masu kama da juna amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai shaidar mallakar gargajiya, wadda ke cewa gona ta wane ce ta gado. Akwai takardar da magajin gari ke bayarwa bayan an yanka fili bisa ƙa'ida, wadda ake kira acte de cession. Sa'an nan akwai titre foncier, rajistar ƙasa ta dindindin, wadda ita ce mafi ƙarfi a gaban alƙali da banki. Kotunan Yamai sun cika da shari'ar fili ɗaya mai takarda biyu ko uku, kowace da hatiminta. Raunin takarda na zamanin Talaje tsakanin talaka da hukuma yake, kuma hukuma tana iya haƙura. Na yanzu tsakanin mai saye da mai saye ne, kuma a irin wannan shari'a dole ɗaya ya fita da hannu biyu.

Dawowar ruwa

Aibi na uku ya daɗe a ɓoye saboda wani dalili na tarihi. Shekarun da Yamai ta yi saurin girma, daga 1970 zuwa 1990, su ne shekarun fari mafi tsanani a Sahel. Kogin Isa ya janye, har a 1985 ya daina gudu a Yamai, mutane suka taka ƙasansa da ƙafa. Fadamun da kakanni suka bar wa shinkafa da shanu suka bushe, suka yi kama da fili mai kyau, kusa da gari, ga araha. Duk wanda ya zo Yamai a waɗannan shekaru bai taɓa ganin ruwa a wurin ba, kuma shekara ashirin ta isa ta sa mutum ya ɗauka haka abin yake tun fil azal. Aka gina gidaje a kwarin Lamorde, Kirkisoy, Karaje, Saga da makamantansu.

Kogin yana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar da ke tasowa daga duwatsun Gini, wadda ke isowa Yamai a hankali cikin sanyi, wajen Janairu. Akwai kuma jan ruwa na damina, a watan Agusta da Satumba, wanda ƙoramun gaɓar dama, Gorwal, Dargol da Sirba, ke kwararowa daga wajen Burkina. A da cikar sanyi ta fi girma. Da aka sare dazuzzuka, ƙasa ta ƙeƙashe ta daina shan ruwa, sai ruwan sama ya riƙa gangarowa kogi gaba ɗaya, yashi kuma ya cike cikin kogin. Jan ruwan damina ya zama shi ne abin tsoro. An ga gargaɗi a 1998. A 2010 ruwa ya shiga unguwannin gaɓa, a 2012 ya fi haka, har aka kwashe iyalai aka kai su Seno, bisa jigawa. A watan Satumba 2020 ma'aunin kogin a Yamai ya kai kimanin mita 7, abin da ba a taɓa rubutawa ba, madatsar kariya ta ɓalle, unguwanni suka nutse. A daminar 2024 ambaliya ta game ƙasar: ta yanke hanyar Doso a bakin Yamai, ta yi ɓarna mai yawa a jihar Maraɗi, ta kuma rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram.

Haɗarin bai tsaya a bakin kogi ba. A kan tudun ma akwai kwazazzabai da tsofaffin tabkuna da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, waɗanda da rani ba a bambanta su da sauran fili. Unguwar da ake kira Pays-Bas, kusa da hanyar filin jirgi, sunanta ya faɗi gaskiyarta da Faransanci: ƙasa mai kwari. Mai yankan fili yana jan layinsa a miƙe a kan takarda, ruwa kuwa gangare yake bi, kuma in an toshe masa hanya da gini sai ya shiga ɗakin maƙwabci. Gada ta rage nisan Harobanda, amma ba ta ɗaga ƙasar Lamorde ko da taƙi ɗaya ba. Mutanen Maraɗi sun san wannan tun 1945.

Abin da mai saye zai tambaya

Daga wannan tarihi ana iya fitar da tsarin tambaya, kuma jerin yana da muhimmanci. Ta farko ita ce ta ƙasa, domin ita ce ba ta da magani. Dillali yakan kai mai saye ganin fili da rani, lokacin da ko'ina ya bushe. Gani na gaskiya a watan Agusta ake yin sa, washegarin ruwa mai ƙarfi, da ƙafa. A duba inda ruwa ya kwanta, da alamar da ya bari a jikin katangun maƙwabta, da irin ciyawar da ta fito. A nemi dattijon da ya noma wurin a tambaye shi abin da yake shukawa: in hatsi ne, jigawa ce, in shinkafa ce ko lambu, an san amsa.

A tambaye shi kuma sunan wurin na asali. Unguwannin gefen birni suna da suna iri biyu. Akwai na talla, masu faɗin buri: Dar es Salam, Wadata, Niamey 2000, Kwara Kano, wato gari mai daɗi. Akwai kuma na manoma da makiyaya, masu faɗin yanayin ƙasa. A Zabarmanci fandu tudu ne, kamar a Banifandu. Goru kwazazzabo ne. Bangu tabki ne. Tondi dutse ne. A Fulatanci seno jigawa ce. A Hausa muna da tudu, kwari, fadama, gulbi, tabki da fako. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye ba fili suke sayarwa ba, shi ya sa shaidarsu ta fi ta taswirar dillali.

Tambaya ta biyu ta takarda ce. Wace hukuma ta ba da ita, kuma filin yana cikin iyakarta da gaske? An amince da yankan bisa ƙa'ida? Lambar filin tana cikin rajistar magajin gari da sunan wanda ke sayarwa? In gadon gida ne, dukan magada sun yarda? Kuɗin da za a biya notaire da mai awo suna da zafi a ranar biya, amma ba su kai kuɗin lauya na shekara biyar ba. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe.

Sai a ƙarshe a zo ga nisa, wanda shi ne ya fi tsorata mai saye alhali shi ne mafi sauƙi. A nan abin dubawa shi ne aikin da aka riga aka fara: turakun wuta da suka iso, bututun ruwa da aka binne, lakwal mai ɗalibai a ciki, gidajen da mutane ke kwana. Malamai sukan ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, kuma a gefen birni wannan magana tana da ma'ana ta zahiri. Unguwar da aka sayi filayenta domin ajiya, aka kewaye da katanga aka tafi, takan daɗe kango, domin babu mai zuwa ma'aikatar magajin gari ya nemi famfo. Unguwar da masu ita ke zaune a ciki, ko da talakawa ne, ita ce ke haɗa kuɗi ta gina masallaci, ta kafa kwamitin iyaye, ta matsa wa hukuma har a kawo wuta. Haka Bukoki da Lazare da Talaje suka zama abin da suka zama.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu a cikin wannan al'amari. Tsofaffin sunayen gonaki, tabkuna da kwazazzabai na kewayen Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna ɓacewa a ƙarƙashin lambobin parsel, kuma dattawan da suka san su suna ƙarewa. Masana irin su Suzanne Bernus da Aruna Hamidu Sidiku sun rubuta tarihin tsofaffin unguwannin Yamai, amma gefen birni na yau yana jiran masu rubuta shi. Kowane malamin Hausa ko na tarihi da labarin ƙasa yana iya tura ɗalibansa su zauna da tsofaffin unguwarsu, su rubuta sunan kowane wuri, da ma'anarsa, da shekarun da ruwa ya taɓa kwanciya a cikinsa. Littafin da za a tara daga irin wannan aiki zai shiga ajin harshe, kuma magidancin da ke shirin miƙa wa dillali tarin shekara ashirin zai sami inda zai duba tukuna.